Ƙwaya ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na safe

Kwana huɗu ke nan da Auta ya faɗo daga tsani. Bai farka ba. Likitan da ke duba shi, wani mai ƙaton agogo, ya ce nan da kwana uku za a san inda aka dosa. Na tambaye shi daga ina ya samo ukun. Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce daga gogewa. Gogewa! Shekara goma sha tara ina soka wa ƙwayoyin jijiya allura, ƙwaya ɗaya tal a cikin faranti ban isa in ce ga abin da za ta yi nan da minti guda ba, shi kuma yana yanka wa ƙwaƙwalwar ƙanena wa'adi kamar tela.

Yau zan koma aiki. Na gaji da kallon dangi suna gasar tagumi a barandar asibiti.

Litinin, 1:15 na rana

Farfesa ya yi mini jaje da hannu ɗaya, ɗayan yana kan takardarsa. A littafin nan zan riƙa kiransa Malamin Duba, don sana'arsa ke nan, ya dai sa mata farar riga.

Aikinmu ba wuyar faɗa. Ina ɗauko dodon koɗi daga tanki, in buɗe shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in nemo ƙwayar jijiya mai kauri, in soka mata allurar gilas da ta fi gashi siriri, in ba ta 'yar wuta. Sai ta fara harbi, tas, tas, tas, kowane harbi ya fito a fuskar kwamfuta kamar ƙaya. Malamin Duba ya gina wani lissafi da, in ji shi, yake faɗin lokacin kowane harbi tun kafin ya zo. Ƙwaya goma sha uku sun yi masa biyayya, don ya sa na ɗura musu wuta mai ƙarfi har suka koma agogo. Ta goma sha huɗu na ba ta wuta kaɗan, irin wadda take samu a jikin dabbar. Ita ce ta ƙi shi. Yana so ya aika wa mujalla takardar ƙarshen wata, da sunansa a gaba, nawa a baya.

Talata, 4 ga wata, 5:30 na yamma

Inna ta samo mai laifi, hankalinta ya ɗan kwanta. Matar Auta ce.

Tun yana ɗan shekara ashirin yake da farfaɗiya, kuma fenti ne sana'arsa, ya ƙi yin wata sana'ar. Tun da suka yi aure, duk ranar da zai hau tsani sai matar ta bi shi, ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai ta zuba wa bakinsa ido. Ni na sa mata suna Mai Gadi, kuma sunan ya bi ta har cikin dangi. Ranar Alhamis ba ta bi shi ba. Ta kai 'yarsu wajen likitan haƙori.

"Haƙori!" in ji Inna, a gabanta, a gaban ma'aikatan jinya. "Haƙorin ba zai kwana ɗaya ba? Ga Dakta nan, shekara goma sha ɗaya tana riƙe da lissafin ciwon yaron nan a littafi. Da kin ɗaga waya kin tambaye ta, da ba mu zo nan ba."

Mai Gadi ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi. Mace ce da in ka taka ta sai ta ba ka haƙuri. Irin wannan sanyin yana ba ni haushi.

Ban ce komai ba.

Alhamis, 6 ga wata, 7:00 na safe

Kwana ukun mai agogo sun cika. Yanzu ya ce mako guda.

Alhamis, 2:20 na rana

Na sake gwada ta goma sha huɗu a gaban Malamin Duba, daga abin da na naɗa. Ƙwaya ɗaya, wuta iri ɗaya, sau goma. Harbi bakwai na farko lissafinsa yana cafke su daidai, har ya fara gyara zaman wuyan riga. Na takwas ya kauce da kaurin gashi. Na tara ya ninka wannan. Kafin a kai na ashirin, lissafi yana gabas, ƙwaya tana yamma. Kuma kowane zagaye da tasa hanyar, babu biyu da suka yi kama.

"Datti ne, Dakta," in ji shi. "Allurarki ta motsa."

Allurata. Mutumin da rabonsa da riƙe allura tun ina makaranta. Na ce masa, ranka ya daɗe, ƙwayar ba hauka take yi ba, doka take bi, sai dai dokar tana ninka duk wani ɗan bambanci da aka fara da shi. Ruwan faranti ya ƙara ɗumi da abin da ma'auni ba zai gani ba, shi ke nan, harbi na ashirin ya sauya. Gaba kaɗan ana iya gani. Nesa kuwa babu mai gani, ko da kwamfutarsa ta kai girman ɗakin nan.

Ya ce in je in huta, ina cikin damuwa. Mai Amin, malamin da ke zama kusa da ƙofarsa don kada wata magana ta fito ba a amsa mata ba, ya ce gaskiya ne, Dakta tana cikin damuwa.

Asabar, 8 ga wata, 4:00 na yamma

Koren littafin da nake lissafin ciwon Auta a ciki yana saman firiji inda na bar shi. Na ɗora masa kwandon albasa.

Lahadi, 9 ga wata, 11:30 na safe

Baffa ya iso, ƙanen mahaifinmu, mai zuwa kowace masifa da sabuwar hula. Bai san sunan maganin Auta ko ɗaya ba, amma cikin minti goma ya gano bakin zaren. Ya ce macen da za ta bar miji mai lalura a saman bene ta tafi yawon haƙori ba za a bar mata amanar yara biyu ba. Za a kira iyayenta ranar Lahadi ta sama, 23 ga wata. Ta koma gidansu, yaran su zauna wajen Inna.

Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, 'yata? Ke ce mai ilimi a gidan nan."

Na ce shayina yana hucewa.

Litinin, 10 ga wata, 6:10 na yamma

Na karɓi wayar Auta daga hannun Mai Gadi. Na ce zan kai a sauya gilashin. Ta daɗe tana kallona, fiye da yadda ake kallon mai neman waya, sannan ta ciro ta daga jaka ta miƙo da hannu biyu.

"Tana kawo wuta, Yaya," in ji ta. "Gilashin ne kawai."

Wa ya tambaye ta? Tana cikin jakata yanzu, a aljihun da nake sa makulli.

Laraba, 12 ga wata, 9:05 na safe

Ya farka.

Laraba, 3:40 na yamma

Mai agogo yana ta yawo a baranda kamar shi ya tashe shi. Ya ce dama ya faɗa. Ya faɗi uku, ya faɗi bakwai, abu ya zo a sha uku, amma dama ya faɗa.

Auta ya gane Inna, ya gane ni. Harshensa ya yi nauyi, ƙafar dama ba ta amsawa sosai. Mako gudan da ya gabaci faɗuwar ya shafe daga kansa ƙal. Bai san ya karɓi aikin bene ba. Bai san da wa ya yi magana ran Alhamis da safe ba.

Da likitan ya faɗi wannan, wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na san sunan abin, kuma na ji ƙyamar kaina har na kasa cin abincin rana.

Juma'a, 14 ga wata, 12:50 na rana

Malamin Duba ya kawo takardar an buga. Ƙwaya goma sha uku. A ƙasa, da ƙananan haruffa, wai an ajiye ɗaya saboda matsalar na'ura.

Na yi masa wa'azi, kuma na ji daɗin yinsa. Na ce abin da ya ƙi lissafinka shi ne kaɗai abin da ya koya maka wani abu. Na ce wanda ya cire abin da bai yi masa daɗi ba daga littafin gwaji ba masani ba ne, mai kwalliya ne. Na ce gobe wani zai karanta takardar nan ya gina na'urar da za ta ce wa marar lafiya yau kana lafiya, je ka abinka. Mai Amin ya buɗe baki ya rasa wa zai amsa wa, ya rufe.

Duk wannan da jakata rataye a kafaɗa. Ina jin nauyin wayar a haƙarƙarina.

Asabar, 15 ga wata, 5:15 na yamma

Inna ta gaya wa Auta. Ta zauna a bakin gado tana ba shi lemo, ta ce matarka ta bar ka a sama ta tafi. Da Mai Gadi ta shigo da kwanon abinci, ya juyo da kai da ƙyar, ya ce, "Ina kika je?"

Kalma uku, sai da ya yi kusan minti yana haɗa su. Ta ajiye kwanon, ta gyara masa matashi, ta goge masa gefen baki.

Wawiya. Tana da baki. Me ya hana ta?

Ban ce komai ba.

Litinin, 17 ga wata, 7:20 na safe

Albasa ta ƙare, kwandon ya tashi, littafin yana kallona.

Talata, 18 ga wata, 10:00 na safe

Ban je aiki ba. Na buɗe shi.

Shekara goma sha ɗaya, faɗuwar farfaɗiya ɗari da arba'in da shida, kowace da rana da sa'a da abin da ya ci da yawan barcinsa, cikin rubutuna mai kyau da nake alfahari da shi. A bangon baya ga dokata, na ja mata layi biyu da jan biro: bayan babbar faɗuwa, kwana tara ba ta dawowa. Na faɗa wa Auta wannan ya fi sau hamsin. Na faɗa wa likitocinsa, ina musu kallon 'yan koyo.

Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda zan bi na Malamin Duba in ina neman inda zan kama shi. Ban sha wuya ba. Shekara ta uku, faɗuwa a kwana na biyar. Na soke ta da fensir, na rubuta a gefe: zazzaɓi ne, ba ta cikin lissafi. Shekara ta bakwai, kwana na huɗu. Fensir ɗin dai: bai yi barci ba, ba ta cikin lissafi.

Malamin Duba aƙalla ɗaya kawai ya cire.

Laraba, 19 ga wata, 1:30 na rana

Mai Amin ya kawo saƙo, yana kallon silin. An cire sunana daga takardar, an sa ni a cikin waɗanda ake gode wa. Ya tsaya yana jiran in fashe don ya samu abin kaiwa. Na ce ya rufe mini ƙofa, iska tana kaɗa allura.

Alhamis, 20 ga wata, 6:45 na yamma

Na biya ta gidan Auta ɗauko masa kaya. Mai Gadi ta fara ɗaure nata a cikin buhu biyu. Kayan yaran ta ware su daban, ta ninke, ta rubuta a takarda wanda yarinyar ke sawa ran wasanni da maganin da ake ɗiga mata a haƙori, don Inna. Rubutun duk a karkace. Yarinyar ta nuna mini gurbin da aka cire haƙorin, tana murna.

Tsanin yana jingine a bayan gida, wanda ya ba shi aikin ya aiko da shi. Akwai shuɗin fenti a matakala ta tara. Na ƙirga. Ban san me ya sa na ƙirga ba.

Asabar, 22 ga wata, 4:30 na yamma

Na tare Mai Gadi a barandar asibiti, wajen famfo, tana wanke kofi. Na yi niyyar in yi mata faɗa. Na ce gobe za a raba ki da 'ya'yanki kina nan kina wanke kofi, ke ba ki da bakin kare kanki ne?

"Me zan ce, Yaya?"

Na ce ki faɗi abin da kika sani.

Ta rufe famfon. "Ina tsaye ya kunna saƙon muryarki. Har sau biyu ya kunna, don in ji."

Na ce to?

"To ke ce yayarsa. Ke kika biya masa makaranta, ke kike kai shi asibiti tun ban san shi ba. In na faɗa, Inna ta rasa ɗa a kwance, ta rasa 'ya a tsaye. Ni dama bare ce." Ta girgiza kofin. "Kuma ai ban je ɗin ba. Wannan gaskiya ne."

Na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba cikin shekara takwas: wai me kike gani in kin tsaya a ƙasan tsani?

"Bakinsa. Yakan fara taunar iska, kamar mai cin cingam, sai babban yatsansa ya shiga murza na kusa da shi. Daga nan ina da kamar rabin minti. In na ƙwala masa kira yana ji, yana saukowa. Sau goma sha ɗaya na sauko da shi."

Na ce, da safe fa, kina iya gane ranar da za ta zo?

"A'a. Ni ban taɓa sanin rana ba, Yaya. Shi ya sa nake zuwa kullum."

Rabin minti. Harbi bakwai na farko. Matar da na sa wa suna don dangi su yi dariya ta san iyakar abin da ake iya gani, ta tsaya a kanta shekara takwas, ni kuma da digiri uku na ba shi kwana tara.

Lahadi, 23 ga wata, 8:00 na safe

Na sa wayar a caji.

Lahadi, 5:50 na yamma

Falon Inna. Baffa a kujerar tsakiya da wata sabuwar hular. Mahaifin Mai Gadi, tsoho mai gyaran keke, ya zauna a bakin kujera kamar za a ce ya biya kuɗin zama. Baffa ya yi gyaran murya ya fara jero laifi, yana jin daɗin muryarsa. Na bar shi ya kai wajen haƙori, sannan na ajiye wayar a kan tebur na danna.

Ban taɓa jin muryata daga waje haka ba. Ashe haka nake magana da mutane.

"Auta, hau abinka. Yau kwana shida da babbar, kana da uku a hannu. Ka bar Mai Gadi ta kai yarinya wajen haƙori, ba sai ta tsaya tana kallon bakinka kamar mai jiran canji ba. Ni na gaya maka."

Har da 'yar dariya a ƙarshe.

Na ajiye koren littafin kusa da wayar, na buɗe wuraren fensir biyun, na faɗi abin da suke nufi. Baffa ya cire hula ya duba cikinta ya mayar. Tsohon ya kalli 'yarsa, ya ce, "Kin sani?" Ta ce e. Ya rufe fuska da hannu.

Inna ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Na tsaya a gaban mutane na ce da an tambaye ki. Kina zaune." Ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta fito da takardar nan mai karkataccen rubutu, ta miƙa wa Mai Gadi ba tare da ta kalli kowa ba, ta ce ta je ta kwance buhunanta.

Babu wanda ya raka ni ƙofa.

Litinin, 24 ga wata, 7:30 na safe

Na kira Inna sau uku. Tana ƙara har ta yanke.

Na aika wa mujallar ta goma sha huɗu, duk zagaye goman, da sunana ni kaɗai. Malamin Duba zai ji, Mai Amin zai ce gaskiya ne ga duk abin da ya biyo baya. Ban ji komai ba, ko daɗin da na saba ji.

Litinin, 3:10 na yamma, ɗakin Auta

Na gaya masa da kaina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya nemi a kira masa matarsa, ya riƙe hannunta bai saki ba. Ni bai ce mini komai ba tukuna. Mai agogo ya ce nan da wata uku zai taka. Ban tambaye shi daga ina ya samo ukun ba.

Yanzu Auta yana gyangyaɗi a kan kujerar guragu, kusa da taga. Mai Gadi za ta je ɗauko yara daga makaranta, babu kowa sai ni. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, tana kallona ina wannan rubutun, ta ƙi tafiya. Na ce mene ne?

"Yaya, in kina rubutu ba za ki gani ba," in ji ta. "Bakinsa za ki kalla."

Na ce na ji. Har yanzu tana tsaye. Sai na rufe littafin za ta tafi.